Furotin Mai Kai Saƙo: Yadda Za Ki Riƙe Shi Kada Ya Mutu a Hannunki

Ƙanwata, idan malamin da ke duba aikinki ya ce binciken digirinki zai buƙaci IL-2 ko TNF-alfa ko EGF, zauna mu yi magana kafin ki tura wa kowa ko sisi. Kwalbar da za a kawo miki ba ta kai ƙaramin yatsanki ba. Abin da ke cikinta sau da yawa maikurogiram 10 ne, wato a raba giram ɗaya gida dubu ɗari a ɗauki kashi guda. Da dala ake sayensa, kuma kafin ya iso Abuja kuɗin jirgi da na fito da kaya sun hau kansa. Daga kamfani yawanci lafiya lau yake fitowa. Wuraren da yake lalacewa uku ne: a hanya, a cikin firiza, da kuma awa ɗaya ta farko bayan kin buɗe murfin. Duka ukun kina da ta cewa a kansu.

Ga abin da za ki saya a taƙaice. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna aika wa juna umarni ta hanyar wasu ƙananan furotin. Wani yana cewa ƙwaya ta rabu biyu, wani yana kiran sojojin jini su taho inda cuta ta shiga, wani yana cewa a tsaya haka. Masana suna kiran wasunsu saitokin, wasu kuma masu sa girma. Kaɗan ne ƙwarai a jiki, ba a iya tatsar abin da zai ishi bincike. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a Amurka cewa za a iya yanko DNA a dasa shi cikin bakteriya ya ci gaba da aiki. Daga nan aka fara ɗaukar umarnin gado na furotin ɗin mutum a saka wa bakteriyar E. coli ko wasu ƙwayoyin da ake rainonsu a tulu, su yi ta ƙera shi. Insulin ɗin masu ciwon suga da aka yi ta wannan hanya ya shiga kasuwa a 1982.

IL-2 ma yana da dangantaka da Abuja. A 1976 aka gano shi a ɗakin binciken Robert Gallo, kuma shi ya ba da damar rainon ƙwayoyin T na jini a cikin kwalba na tsawon makonni, abin da ya share hanyar gano ƙwayar HIV. Cibiyar IHVN da ke Abuja, wadda aka kafa a 2004, ta samo asali ne daga cibiyar da Gallo da abokan aikinsa suka kafa a Baltimo. Don haka abin da za ki riƙe a hannu yana da tarihi, kuma akwai mutane a nan kusa da suka san shi ciki da bai.

Yanzu ki dubi inda kike. Ke kina Kurudu, ɗakunan binciken kuma kusan duk suna can ɗaya ɓangaren gari: NIPRD a Idu, hukumar fasahar halittu a hanyar filin jirgi wajen Lugbe, babban lab ɗin NCDC a Gaduwa, SHESTCO a Sheda ta Kwali, asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Tsakaninki da kowannensu akwai Jikwoyi da Karu da cunkoson da ke kai ki AYA. Wannan hanyar tana cikin lissafin aikinki, za kuma mu sa ta a ciki.

1. Fara da ƙwayoyinki, kada ki fara da kasidar kamfani.

Ki rubuta a layi ɗaya: ƙwayoyin wace halitta nake aiki da su, me nake so su yi? Idan kina son monosait na jinin mutum su zama makrofaj, M-CSF kike nema. Idan ƙwayoyin dendiritik kike so, GM-CSF ne haɗe da IL-4. Idan kina son ki tayar da kumburi ki ga ko tsatson wani ganye zai kwantar da shi, TNF-alfa ko IL-1-beta ko IL-6.

Ki kula da jinsi. Furotin ɗin mutum ba kullum yake aiki a kan ƙwayoyin ɓera ba. IL-2 da IL-6 na mutum suna motsa ƙwayoyin ɓera, TGF-beta 1 ma haka. Amma IFN-gama da IL-4 da GM-CSF na mutum ko kin zuba kwalba guda, ƙwayoyin ɓera ba za su ko motsa ba. Ɗalibai da yawa a nan suna aiki da RAW 264.7, wadda ta ɓera ce, sai su sayo furotin ɗin mutum saboda shi suka fara gani a shafin. Ki duba asalin layin ƙwayoyinki yau ɗin nan.

2. Yi lissafi a takarda kafin ki zaɓi girman kwalba.

Ga misali. Faranti mai ramuka 24, kowane rami rabin mililita, ya zama mililita 12. Idan kina sa M-CSF nanogiram 50 a kowace mililita, faranti ɗaya zai ci nanogiram 600. Za ki sabunta ruwan rainon sau ɗaya a cikin mako, ya zama maikurogiram 1.2. Za ki maimaita aikin sau uku, ya zama 3.6. Ki ƙara na gwajin farko da na ɓarin da ba a rasawa, har yanzu kwalbar maikurogiram 10 ta ishe ki.

Ƙananan kwalabe biyu sun fi miki babba ɗaya, matuƙar daga rukuni guda suka fito. Ki narka ɗaya, ɗayar ta zauna a bushe. Ran da firiza ta ba ki kunya, kina da abin komawa.

3. Karanta takardar bayani layi-layi.

Nan ne nake so ki ɓata lokaci, domin kwalba biyu masu suna ɗaya na iya zama abubuwa biyu daban. Kamfanoni irin su R&D Systems da PeproTech da Sino Biological suna sa takardar kowane furotin a intanet kyauta. Sauke ta, buga ta, ki sa biro a kan waɗannan.

A ina aka ƙera shi? Na E. coli ya fi araha, kuma ga IL-2 da TNF-alfa da EGF da FGF-2 yana aiki sarai. Sai dai bakteriya ba ta iya liƙa wa furotin sarƙoƙin sukarin da ƙwayoyin mutum ke liƙa masa. Wasu furotin ba su damu ba, wasu kuwa sai da su. Shi ya sa EPO mai sa a ƙera jan jini ake yin sa a ƙwayoyin CHO, TGF-beta 1 kuma yawanci a CHO ko HEK293. Idan takardun masanan da kike bin sawunsu sun yi amfani da na HEK293, ke ma ki bi su.

Tsarkinsa nawa? Ki nemi kashi 95 cikin 100 ko sama.

Endotoksin nawa? Wannan guba ce daga ɓawon jikin E. coli, takan biyo furotin idan ba a wanke shi da kyau ba. Monosait da makrofaj suna jin ta ko da ɗigo ne ƙanƙani, su fara zubo TNF da IL-6 da kansu. Sai ki ɗauka furotin ɗinki ne ya yi aiki, alhali gubar ce. Yawancin kamfanoni suna rubuta ƙasa da EU 1 a kowane maikurogiram. Idan da ƙwayoyin garkuwar jiki kike aiki, nemi ƙasa da 0.1, ko da zai ɗan fi tsada. A ganina nan ne wurin da bai kamata a nemi araha ba.

An gwada ƙarfinsa a kan ƙwayoyi masu rai? Ki nemi lambar ED50, wato yawan furotin da ke ba da rabin cikakken tasiri. Ana gwada IL-2 a kan CTLL-2, GM-CSF a kan TF-1, TNF-alfa a kan L929. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka ƙarfin yake sama. Idan takarda ta nuna hoton tsarki kawai babu gwajin ƙarfi, wannan furotin na iya dacewa da wani aiki, amma kada ki dogara da shi wajen motsa ƙwayoyi.

Da ɗan rakiya ko babu? Wasu kwalabe ana haɗa su da BSA, furotin ɗin jinin shanu, don ya kare ɗan ƙaramin furotin ɗinki daga mannewa a jikin roba. Don rainon ƙwayoyi ko ma'aunin ELISA, ɗauki mai rakiya. Idan za ki yi wa dabbar gwaji allura ko ki liƙa wa furotin ɗin launi, ɗauki wanda babu.

4. Nemo firiza kafin ki nemo furotin.

Ki riƙe wannan: busasshen furotin kamar kilishi yake, yana jure tafiya. Da zarar kin zuba masa ruwa ya koma ɗanyen nama. Duk sauran shawarar da ke ƙasa daga nan ta fito.

Gobe da safe ki je lab ki tsaya gaban firizar da za ki yi amfani da ita. Tambayi mai kula da lab abu uku. Tana kan janareta ko inbata ko sola? Wa ke kunna janareta daren Asabar? Yaushe rabon da ta narke? Ki tambaye shi cikin girmamawa, ki kuma saurare shi da kyau, domin shi ya san halin kowace firiza a ginin fiye da kowane farfesa.

Mafi kyau ita ce mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Idan babu, mai 20 ƙasa da sifili ta wadatar na 'yan watanni. Guji irin firizar zamani da ba ta tara ƙanƙara, domin tana ɗumama kanta lokaci-lokaci don ta narkar da ƙanƙarar, furotin ɗinki kuma yana narkewa tare da ita. Tsohuwar firiza mai murfi a sama, wadda sai an kankare ta da hannu, ta fi riƙe sanyi idan wuta ta ɗauke. Ki cike gurbin da ba kowa da gorunan ruwa su daskare. Akwatinki ya zauna can ƙasa a tsakiya, nesa da ƙofa.

Ga dabarar da ba ta cin ko kwabo. Zuba ruwa mai launi rabin ƙaramin bututu, ki daskarar da shi a tsaye, sannan ki kifa shi a cikin akwatinki. Muddin ƙanƙarar na maƙale a sama, firiza ba ta narke ba. Ran da kika tarar da launin ya gangaro ƙasa, kin san abin da ya faru a bayan idonki, ko da komai ya sake daskarewa. Idan da hali, sayi ƙaramar na'urar da ke rubuta zafi dare da rana ki jefa a ciki.

Firizar gidanku ta Kurudu kuma a cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Kin san yadda wutar unguwa take, kin san sau nawa ake buɗe ta a yini don ɗauko kifi da zoɓo.

5. Yi oda da dabara.

Bi ta hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi a Najeriya. Za ki ga sunansa a shafin kamfanin. Tambaye shi a rubuce: a bushe zai zo ko a narke? Kwana nawa daga fitowa zuwa hannuna? Wa zai yi hulɗa da kwastan, kuma akwai buƙatar takardar izinin NAFDAC? A ina kayan zai kwana idan ya sauka Legas kafin ya wuce Abuja?

Duk inda akwai zaɓi, ɗauki busasshe. Kamfanoni da yawa suna aiko shi ba tare da ƙanƙara ba, domin yana jure zafin ɗaki na wani lokaci. Amma ki sani, zafin ɗaki a wajensu digiri 20 zuwa 25 ne. Abuja a watan Maris tana haura 35, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya wuce haka nesa. Don haka ki roƙa a sa masa jakar sanyi ko da takarda ba ta wajabta ba. Wanda ya zo a narke dole ya taho cikin busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin kusan digiri 78 ƙasa da sifili, ita kuma tana ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Jinkiri ɗaya a filin jirgi ya isa ya kashe shi.

Kalli kalanda. Kada kayanki ya sauka ranar Juma'a da yamma, ko jajibirin Sallah, ko makon Kirsimeti, ko lokacin da ake raɗe-raɗin yajin aiki. Adireshin lab za ki bayar, tare da lambar wayar mutum biyu da ke wurin kullum. Idan kika ba da na gida, ɗan aike zai kawo miki shi Kurudu da la'asar, ya kwana a ɗakinki, washegari ya sha cunkoso tare da ke har Idu. Idan ta kama dole ki ɗauko shi da kanki, tafi da kula mai jakunkunan ƙanƙara, ki fita bayan asuba kafin hanyar Karu ta cushe, ki riƙe kular a cinyarki, kada ta shiga but.

6. Ranar da ya iso.

Buɗe kwalin nan take a gaban wanda ya kawo. Ɗauki hoto. Taɓa jakar sanyin ki ji ko da sauran sanyi. Duba sunan furotin, jinsi, lambar kaya, lambar rukuni da ranar ƙarewa, ki gwada su da abin da kika yi oda. Nemi takardar shaidar inganci ta wannan rukunin, domin ƙarfin kowane rukuni yakan ɗan bambanta.

Za ki ɗaga kwalbar ki ga kamar babu komai a ciki. Kada gabanki ya faɗi, kada kuma ki buɗe don ki leƙa. Maikurogiram 10 ido ba ya cika ganinsa. Sa ta a firiza a bushe, ki bar ta har ranar da ƙwayoyinki suka shirya. Furotin ya jira ƙwayoyi a bushe ya fi ya jira su a narke.

7. Awar narkarwa.

Zaɓi safiyar da babu gaggawa, akwai wuta, babu mai jiran ki a waje. Ki tanadi komai a cikin akwatin tsafta kafin ki ɗauko kwalbar: ruwan narkarwa, ƙananan bututu da aka riga aka rubuta wa suna, fifet ɗin da kika tabbatar da daidaitonsa, da kwanon ƙanƙara.

Bar kwalbar ta huce zuwa zafin ɗaki tana rufe, don kada raɓa ta shiga. Sannan ki juya ta a santirifuj na daƙiƙa 20 zuwa 30. A hanya garin yakan watsu ya manne a murfi, idan kika buɗe ba ki juya ba, wani kaso ya bi iska.

Ruwan da takarda ta ce, shi za ki zuba. Wasu ruwa tsarkakakke suke so, wasu PBS. TGF-beta 1 da BMP-4 sun fi son ruwa mai ɗan tsami, kamar HCl mai ƙarfin milimola 4, kuma idan kika fara zuba musu PBS ba za su narke da kyau ba. Abin da abokiyar aikinki ta yi da nata furotin bai zama hujja a kan naki ba, ko da sunansu ɗaya, matuƙar kamfani ya bambanta.

Kauri kuma ya kasance tsakanin miligiram 0.1 zuwa 1 a mililita. Ga kwalbar maikurogiram 10, zuba maikurolita 100, kin sami maikurogiram 100 a mililita. Zuba a hankali ta jikin kwalbar. Rufe, ki ɗan jujjuya da yatsu, ki bar ta minti 15 zuwa 30 ta narke da kanta. Kada ki ɗora ta a injin girgiza, kada ki yi ta tsotsa da fifet har ta yi kumfa. Aikin furotin yana cikin yadda ya naɗe kansa, kumfa kuma tana warware naɗin.

Idan kwalbarki ba ta zo da ɗan rakiya ba, kuma aikinki bai hana ba, ƙara BSA kashi 0.1 cikin 100 bayan ya narke. BSA ɗin ya zama mai ƙarancin endotoksin, ki kuma tace ruwansa tun kafin ya haɗu da furotin. Tace furotin mai ruwa-ruwa ba tare da rakiya ba yana barin wani kasonsa a jikin matatar.

8. Raba shi a ranar, kada ki ce sai gobe.

Kowace daskarewa da narkewa tana rage masa ƙarfi. Don haka raba maikurolita 100 ɗin nan gida 10, kowane bututu maikurolita 10, wato maikurogiram 1. Kada ki yi ƙasa da haka, domin ɗigon da ya yi ƙanƙanta yana bushewa a firiza. Yi amfani da bututun da furotin ba ya manne musu, masu murfin da ke rufuwa gam.

A jikin kowanne rubuta suna, kauri, kwanan wata da harufan sunanki, da alƙalamin da sanyi da barasar goge benci ba sa gogewa. Rubuta a murfi, ki sake rubutawa a gefe.

Sai ki raba ƙafa. Bakwai a firizar lab ɗinku, uku a wata firizar da ke wani gini ko wata cibiya, wadda ba layin wutarsu ɗaya ba. Ki je da kanki ki roƙi alfarmar, ki rubuta sunanki da lambarki a akwatin. Bututun da kika narkar ya koma firij mai digiri 2 zuwa 8, ki ƙarar da shi cikin mako guda sai in takarda ta ba da fiye da haka. Ba ya komawa firiza.

9. Surki hawa biyu.

Kina da maikurogiram 100 a mililita, kina son nanogiram 10 a mililita. Tazarar ninki 10,000 ce, kuma babu fifet ɗin da zai auna miki wannan a tashi ɗaya. Ɗauki maikurolita 10 ki zuba cikin 990 na ruwan raino, kin sami maikurogiram 1 a mililita. Daga wannan, maikurolita 10 a kowace mililita ta ruwan raino ya ba ki nanogiram 10. Bututu ɗaya ke nan ya ishi mililita 100. Yi wannan surkin a ranar aiki, abin da ya rage ki zubar.

Wani lokaci takardar masana za ta ce yunit 100 na IL-2, kwalbarki kuma nanogiram ta sani. Raba miliyan ɗaya da ED50, ki sami yunit nawa ke cikin miligiram. Idan ED50 nanogiram 0.1 ne a mililita, kina da yunit miliyan 10 a miligiram, wato nanogiram ɗaya yunit 10 ne, yunit 100 kuma nanogiram 10. Sai dai yunit ɗin kamfani daban yake da yunit na ƙasa da ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyar NIBSC ta Ingila ke rarrabawa. Duba wanne takardar take nufi. Ki sa wani ya sake bin lissafin da biro, ko da kin tabbata.

10. Sadaukar da bututu ɗaya don gwaji.

Kafin ki shiga babban aiki, tabbatar furotin ɗin na da rai a hannunki, a kan ƙwayoyinki. Jera kauri biyar ko shida, daga sifili zuwa 0.1, 1, 10, 50 da 100, ki ga inda tasiri ya fara da inda ya tsaya. Lambar da kika gani a takardar wani daga Jamus mafari ce kawai. Ƙwayoyinki da ruwan rainonki su za su faɗa miki taki.

Idan kuna da kayan Western blot, akwai alamu masu sauri. EGF yana kunna ERK cikin minti 5 zuwa 15. IL-6 yana kunna STAT3 cikin minti 15 zuwa 30. TGF-beta yana kunna SMAD2 cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Ki rage wa ƙwayoyin ruwan jinin ɗan maraƙin da ke cikin ruwan raino na wasu awanni kafin gwajin, domin shi kansa cike yake da masu sa girma, zai rufe miki abin da kike nema. Idan babu waɗannan kayan, madubin lab ma shaida ne: monosait da suka sha M-CSF za su kwanta su manne su baje cikin mako, ƙwayoyin T da aka tayar aka ba su IL-2 za su taru curi-curi.

Wasu furotin ba sa daɗewa a zafin inkubeta. FGF-2 yana rasa yawancin ƙarfinsa cikin yini guda a digiri 37, shi ya sa masu rainon ƙwayoyin asali suke sabunta shi kullum. Idan aikinki na irin wannan ne, ki tsara wanda zai shiga lab ranar Asabar da Lahadi tun kafin ki shuka ƙwayoyin. Daga Kurudu zuwa Gwagwalada don aikin minti goma ba ƙaramin abu ba ne. Ku yi karɓa-karɓa da wata.

11. Ramukan kwatanci.

Kowane faranti ya sami ramin da aka zuba wa ruwan narkarwa kaɗai, da BSA ɗinsa da tsaminsa, babu furotin. Idan kina zargin endotoksin, dafa ɗan kaso na furotin ɗin a digiri 95 na rabin awa ki zuba a wani rami. Zafi yana kashe yawancin furotin, amma ba ya cika lalata endotoksin. Idan dafaffen ya ba da tasiri daidai da ɗanyen, to guba kike aunawa. Maganin polimiksin B ma yana ɗaure ta, za ki iya gwadawa da shi.

Idan kuma komai ya ƙi, kada ki yi saurin ɗora wa furotin laifi. Gwada ƙwayoyinki ko sun kamu da maikoplasma, wadda ba a ganinta a madubi amma tana birkita yadda ƙwaya ke amsa saƙo. Duba kuma ko sun tsufa da yawan dashe.

12. Rubuta komai a littafin lab, a ranar.

Kamfani, lambar kaya, lambar rukuni, inda aka ƙera, ranar isowa, ranar narkarwa, ruwan da kika zuba, bututu na nawa kika ɗauka yau. Ranar kare kundinki za a tambaye ki, mujallar da za ki aika wa ma za ta tambaya. Idan rukuni ya ƙare kika sayo sabo, gwada tsoho da sabo gefe da gefe a faranti ɗaya kafin ki ci gaba.

13. Na bincike ne kawai.

Haka aka rubuta a jikin kwalbar, kuma da gaske ake. Ba a yi shi da ƙa'idar maganin mutane ba. Duk wanda ya roƙe ki ɗan EGF don man shafawa, ko EPO don mai ƙarancin jini, ki ce a'a kai tsaye, ki nuna masa hanyar asibiti. Idan jinin mutane za ki ɗiba don samun ƙwayoyi, takardar amincewar kwamitin ɗa'a ta riga allura. Idan kuma wata rana kuka yanke shawarar ƙera furotin ɗin da kanku a E. coli, abin da nake fatan ganin ɗakunan bincikenmu sun ƙara yi, ku fara da kwamitin kula da lafiyar halittu na cibiyarku da ƙa'idojin hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa.

14. Nemi abokan saye.

Bututu ɗaya ya ishi mililita 100, ke kuma wataƙila bututu huɗu za ki ƙarar. Cikin makon nan ki yi cigiya a zauren WhatsApp na sashenku, ki tambayi na ABU Zariya da BUK da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko akwai mai neman irin furotin ɗinki. Oda ɗaya mai kaya biyar tana raba kuɗin jirgi da na fito gida biyar. Ku rubuta yarjejeniyar tun kafin kuɗi ya fita: wa zai karɓi kayan, wa zai narka, bututu nawa kowa zai samu. Mutum ɗaya mai natsuwa ya narka ya raba, kowa ya sami kwafin takardar shaidar inganci. Wanda ke nesa, a Kano ko Sakkwato, ya fi masa a sayo masa tasa ƙaramar kwalbar a aika masa a bushe cikin kula, da motar farko ta safe, ya tura hoton kwalin da zarar ya karɓa.